Sauran Ukun da Ke Cikin Tulu

Sambo Istifanus ɗan Wusasa ne, aikin gwamnati ya kawo shi Kaduna tun yana saurayi. Safiyo ne, mai auna filaye, kuma aikin ya shiga jikinsa: komai yana so ya ga inda ya fara da inda ya ƙare, a kafa masa turke. Ranar Lahadi kuwa dattijo ne a cocinsu da ke Unguwar Rimi, shi ke riƙe da ajin maza kafin a shiga sujada. 'Yan ajin sun shaide shi da abu ɗaya, ba a taɓa yi masa tambaya ya ce "ya danganta" ba.

Matarsa Talatu malamar tarihi ce a wata makarantar 'yan mata. Shekara goma sha ɗaya suka yi da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. An yi azumi, an yi addu'a, an sha saiwoyin da dangi suka yi ta aikowa cikin galan. A shekara ta goma sha biyu suka tafi wani asibitin kuɗi a Malali ba tare da sun gaya wa kowa ba, wurin wata likita mai suna Dakta Nafisat. Ita ta ɗebi ƙwan Talatu ta haɗa da irin Sambo a ɗakin gwaji. Biyar suka yi kyau. Ta dasa biyu a mahaifar Talatu, ta ce sauran ukun za a daskarar da su a ajiye ko za a buƙace su nan gaba. Biyun duk suka kama. Haka aka haifi Habila da Hannatu.

Ranar da aka kai 'yan biyun coci, Sambo ya tsaya gaban jama'a ya ba da shaida har mata suna share hawaye da bakin ɗankwali. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Asibitin Malali ne kawai bai shigo ciki ba.

A mota Talatu ta ce, "Shaidar ta yi daɗi, Dattijo. Sai dai ban ji sunan Dakta Nafisat ba."

"Lokaci ne ya ƙure."

"Minti arba'in ka yi."

Ya ƙara wa rediyo murya.

'Yan biyu sun shiga shekara ta biyar, wata Lahadi wani ɗan ajin maza ya ɗaga hannu ya tambaya yaushe ne mutum yake zama mutum a gaban Allah, ranar haihuwa ne ko tun kafin nan. Sambo bai ko duba takarda ba. Ya ce daga ranar da irin namiji ya gamu da na mace an sami mutum cikakke, Allah ya san shi, ba ragi ba ƙari. Aka yi ta gyaɗa kai.

Ranar Laraba ya dawo daga ofis ya zauna a baranda yana cin dafa-duka, Talatu ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

"Baban biyu, an bugo waya daga Malali. Mutanenka uku suna gaishe ka."

"Waɗanne mutane?"

Ta yi masa bayani. Takardar da suka sa wa hannu ta shekara biyar ce, kuma ta kusa cika. Asibiti na so su zo su faɗi abin da za a yi da sauran ukun: a ci gaba da ajiye su, ko a dasa mata, ko a bai wa wasu ma'aurata, ko a fitar da su daga sanyi a bar su su ƙare.

Sambo ya ajiye cokali. Maganar gaskiya ya yi shekaru bai tuna da su ba, ko kuma dai duk sanda tunanin ya leƙo sai ya nemi wani abin yi.

Ya ce, "Ai waɗannan ƙwai ne kawai tukuna."

"Ba haka ka ce ba ranar Lahadi. Tagar ajinmu na mata a coci a buɗe take."

Washegari ya fita daga ofis da wuri ya wuce wurin faston cocinsu, Rabaran Ishaya, wanda ya girme shi da shekara goma kuma ya san shi ciki da bai. Ya tarar da shi a bayan gida yana ba kaji dusa. Bayan gaisuwa Sambo ya ce wani abokinsa ne a wurin aiki ya shiga wani hali, ya zo nema masa shawara. Ya kwashe labarin kaf ya faɗa.

Rabaran ya kakkaɓe hannu ya ce, "Abokin nan naka, 'yan biyu gare shi?"

Sambo ya dubi kajin.

"Zauna, Dattijo," in ji Rabaran. Suka zauna kan benci. "Ba zan ɓoye maka ba, kan masu bi bai haɗu a nan ba. 'Yan Katolika sun ce dashen ma gaba ɗaya kada a yi. Cikin namu akwai masu cewa a yi, muddin ba za a zubar da ko ɗaya ba. Akwai masu cewa sai ya kama mahaifa sannan ake lissafa shi. Ikilisiyarmu kuwa ba ta rubuta komai ba, ina jin ba wanda ya taɓa kai mata tambayar."

"To ku me kuka gani, Rabaran?"

"Ni a ganina abin nan jinsin mutum ne, naka ne da na Maman biyu, ba ragowar tuwo ba ne da za a juye a bola. Amma in ka ce in rantse maka da ranar da Ubangiji ke sa rai a ciki, ba zan iya ba. Ba a gayyace ni ba ranar da ake yi." Ya juyo ya dube shi. "Ita me ta ce take so?"

Sai a nan Sambo ya tuna. Bai tambaye ta ba.

Bai kuma tambaye ta ba da ya koma gida. A hanya ya gama yanke shawara, ya shiga da sallama irin ta wanda ya warware matsala. Talatu na duba takardun ɗalibanta a falo.

"Na yi tunani. Abin da na koyar shi zan bi. Za mu je mu karɓo su, duka ukun."

Ba ta ɗago ba. "To. A cikinka za a sa?"

Nan ya tsaya da jaka a hannu. Cikin 'yan biyu bai zo mata da sauƙi ba. A wata na takwas jininta ya hau, ƙafafunta suka kumbura har takalminsa take sawa, aka shiga da ita tiyata da gaggawa, ta kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba. Shi ne ya zauna a bakin ƙofar ɗakin yana yi wa Allah alkawura iri-iri. Yanzu shekararta arba'in da biyu.

Ya ajiye jakar ya shige ɗaki. Kwana shida maganar ba ta sake tashi ba, sai dai Talatu ta lura ya daina neman ƙari a wurin cin abinci.

Ana cikin haka mahaifiyarsa, Mama Laraba, ta zo daga Wusasa a duba mata ido. Tsohuwa ce 'yar ƙarama mai kaifin baki, ta yi shekara talatin tana jan waƙa a zumuntar mata, har yanzu kuma muryar na nan. Ita ma ba ta san komai game da Malali ba. Ranar Asabar da hantsi suna zaune a tsakar gida ita da Talatu suna tsinkar zogale, Talatu ta ga in ta jira mijinta sai shekara biyar ɗin ta cika ta wuce, sai kawai ta gaya mata.

Mama Laraba ta saurara har ƙarshe, hannunta bai daina aiki ba. Talatu na jiran faɗa kan ɓoye mata da aka yi, ko kan zuwa asibitin ma. Tsohuwa ta ce, "Wato Habila da Hannatu a kwano aka fara haɗa su."

"Kusan haka ne, Mama."

"Shi ya sa ba sa jin magana." Ta zubar da kara. "Wannan ba komai. Likita ma Allah ya ba ta ilimin. Amma sake faɗa mini, su nawa kika ce sun rage?"

"Uku."

"A cikin sanyi."

"E."

"Shekara biyar." Ta juya wajen ƙofa ta ɗaga muryar zumunta. "Sambo."

Ya fito da jarida a hannu.

"Ashe jikokina biyar ne, kake nuna mini biyu. Ukun ka kai su Malali ka sa a firji. Ka taɓa zuwa ka duba su?"

"Mama, ba abin da ake gani ba ne. Ba su kai ƙwayar gero ba."

"Kai ma ba ka kai ba a da. Ranar Litinin in an gama duba mini ido, ka kai ni in gaishe su."

Ya yi ƙoƙarin nuna mata ba a shiga irin wurin haka kawai, ta ce to a tambaya. Talatu ta buga waya. Dakta Nafisat ta yi dariya sosai, ta ce a kawo ta.

Ranar Litinin Mama Laraba ta sa zanenta na zumunta, ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki jaka. Sai a mota Sambo ya gano akwai hulunan ulu guda uku a ciki, irin na jarirai, da ta saya a bakin asibitin ido. Ya roƙe ta ta bar su a mota. Ta ce za ta bar su, amma ba don shi ba.

Dakta Nafisat ta tarbe su da kanta. Doguwa ce mai gilashi, ta rufa farin mayafi a kan rigar likita. Ta rusuna ta gaishe da tsohuwa, ta ba su rigunan asibiti da hulunan leda, ta kai su bakin wani ɗaki mai tagar gilashi. A ciki akwai wasu tuluna na ƙarfe masu faɗi, sun ɗara tukunyar gas girma. Ta nuna na biyu daga hagu.

"Suna cikin wancan, Mama. Kowanne da sunan iyayensa a jiki."

Mama Laraba ta matsa har goshinta ya taɓa gilashin. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce a hankali, "Sannunku. Sannunku da haƙuri. Kakarku ce, ta Wusasa." Ta juyo. "'Yata, in an ɗauke wuta fa?"

"Ba ruwansu da wuta. Wani ruwa ne a ciki da ya fi ƙanƙara sanyi nesa ba kusa ba, shi muke ƙarawa."

"Ba sa jin sanyin?"

"Ba su da abin da za su ji da shi tukuna. Komai nasu a tsaye yake, kamar ranar da aka sa su."

Tsohuwa ta gyaɗa kai. "Ke musulma ce. A wurinku mutane ne ko ba mutane ba?"

Sambo ya ce, "Mama," amma likitar ta ɗaga masa hannu.

"Malamanmu da yawa sun ce sai ciki ya kai wata huɗu ake busa rai. Amma ba su ce kafin nan abin banza ne ba, yana da alfarmarsa. Ni dai shekarata goma sha huɗu a wannan aiki, har yau in zan buɗe tulun nan sai na yi bisimilla." Ta dubi Talatu. "Bai wa wasu ma'aurata, mu nan ba ma yi, sai dai a mayar da su wani asibitin da ke yi. In kuwa dasawa za a yi, Madam, sai na auna ki tukuna, kuma ɗaya-ɗaya, ba zan sake sa miki biyu ba. Ku kuma sani ba duka ke farfaɗowa ba in an fito da su."

A hanyar komawa da suka wuce kwanar Unguwar Rimi sai Sambo ya gangara gefen titi kusa da masu sayar da lemo ya kashe mota.

Ya ce, "Maman biyu, ban san amsar ba." Kamar wanda ake cire wa haƙori ya faɗe ta. "In na ce a bar su su ƙare, ban san yadda zan tsaya gaban Allah ba. In na ce a dasa miki wani abu ya same ki, ban san yadda zan tsaya gaban yaran nan ba. Me kike so?"

Talatu ta dube shi. "Yau kwana goma sha biyu nake jiran tambayar nan."

"Ga ta, na yi."

"Tun ranar da aka sallamo ni da 'yan biyu, in ina addu'ar yara biyar nake ambata. Ba don na san mutane ne ba. Ban sani ba, kuma ban taɓa tsayawa gaban aji na ce na sani ba." Daga kujerar baya Mama Laraba ta yi wani ɗan tari. "Amma na san da Dakta ta miƙa hannu ta ɗauki na gefe, da Hannatu ce ke cikin tulun nan yau. Wannan ne ba ya barina. In likita ta ce jikina zai ɗauka, zan gwada. In ta ce a'a, ba zan kashe kaina don a ce dattijo ya cika maganarsa ba."

"Ban ce ki yi ba."

"Na sani. Ina faɗa ne saboda Mama ta zama shaida."

Aka auna ta, aka ɗora ta kan maganin hawan jini na wata uku, sannan Dakta Nafisat ta yarda. Na farko da aka fito da shi bai farfaɗo ba. Likitar ta fito ta gaya musu a ofishinta, ta cire gilashinta tana gogewa. Sambo ya ce "to," ya yi godiya, ya tuƙa su gida lafiya. Sai da ya zo buɗe get ya kasa sa makulli a kwaɗo, ya tsaya nan yana kuka, irin wanda Talatu ba ta gani ba tun rasuwar mahaifinsa.

Da yamma Rabaran Ishaya ya zo. Ya ce ya duba littafin hidima daga farko har ƙarshe, akwai addu'ar jana'iza, akwai ta ɓari, babu ta wannan. Sai ya tsaya a tsakiyar falo ya yi tasa. Ya ce Ubangiji ya san abin da su ba su sani ba, ko rai ne ko farkon rai ne, daga hannunsa ya fito, ga shi sun mayar masa. Addu'ar ba ta kai minti biyu ba. Mama Laraba, da aka ɗauko daga Wusasa saboda ranar, ta ce ita ce mafi gajarta da ta taɓa ji daga bakin fasto, kuma ta fi sauran.

Bayan wata ɗaya aka fito da na biyu. Ya farfaɗo, aka dasa, ya kama. Wannan karon Sambo ya sayi abin awon jini, safe da yamma yana biye da Talatu da shi har ta ce in bai bar ta ta sha iska ba shi zai tayar mata da jinin. A wata na tara aka yi mata aiki, aka ciro 'ya mace mai cikakkiyar lafiya da ƙarar murya. Dakta Nafisat ta leƙo ɗakin da rana ta ɗauki jaririyar, sannan ta gaya musu a fili cewa mahaifar Talatu ta yi iya yinta, ba za a sake ba.

Ranar suna aka yi gardama a tsakar gida. Ƙannen Sambo suka ce tunda ta biyo bayan 'yan biyu, Gambo ce, haka al'ada take. Mama Laraba ta ce sam, Gambo mai bin 'yan biyu ce, wannan kuwa rana ɗaya aka haɗa su, sa'arsu ce, layi ne kawai bai zo kanta da wuri ba. A lokacin dangi duk sun san labarin, don Sambo ya tashi a coci makonni kafin nan ya cike abin da ya rage a shaidarsa. Wata ƙanwarsa ta ce in haka ne wa zai gaishe da wani da safe. Aka juya ga Sambo ya raba gardama. Ya ce sunanta Salamatu, sauran kuma su daidaita a tsakaninsu. Har yau rabin dangi Gambo suke kiranta.

Na ukun yana nan a Malali. Sun sake sa hannu a ci gaba da ajiye shi. Akwai wasu ma'aurata a cocin, mijin direba ne a sakatariya, shekararsu tara ba haihuwa. Bayan shaidar Sambo matar ta sami Talatu a bayan coci, ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta tambaya ko gaskiya ne akwai saura ɗaya. Talatu ta ce gaskiya ne. Ba ta yi mata alkawari ba, ba ta kuma hana ta ba.

Rabaran ya kai maganar gaban dattawa, ko ya dace masu bi su ba da irin wannan, in kuma an haife shi ɗan wa za a ce. Sambo ya ce shi ba zai zauna ba tunda abin ya shafe shi. Sun zauna sau uku. A zama na farko rabinsu ba su gane abin da ake nufi da daskararwa ba, sai da Rabaran ya zana musu a allo. A na biyu aka rabu gida biyu. A na uku wani tsoho ya kawo shawarar a tambayi Dattijo Sambo, shi da ba ya rasa amsa.

Aka aiko masa da saƙon ranar Asabar, yana zaune a baranda da Salamatu a kafaɗa tana ta zubo masa nono a riga. Ya ce a gaya musu yana tunani. Talatu ta miƙo masa tsumma, ta koma ciki ta ci gaba da guga.